Dashen Itatuwa A Kwarin Rima: Dogon Yaro Kaɗai Bai Isa Ba

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu zai ga cewa dogon yaro ya mamaye bakin titi, da makarantu, da kasuwanni. Wannan itace asalinsa daga Indiya ne, an shigo da shi Borno a shekarar 1928, kuma ya yi wa Arewa rana ƙwarai, musamman bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974, lokacin da hukumomi suka duƙufa wajen dashen itatuwa don tare hamada. Amma lokaci ya yi da ma'aikatan gandun daji za su sake nazarin wannan al'ada ta dogara da iri ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hatsarin abin ya riga ya bayyana. A farkon shekarun 1990 wata cuta ta auka wa dogon yaro a Jamhuriyar Nijar da Arewacin Nijeriya, ganye ya riƙa zubewa, rassa suna bushewa. Shingen da aka yi da iri ɗaya, idan annoba ta same shi, gaba ɗaya yake tafiya, aikin shekaru ya zama na banza. Idan kuwa akwai iri huɗu ko biyar a jere, abin da ya kashe wani ba lalle ya taɓa sauran ba.

Bayan wannan akwai batun girma. Itatuwa iri ɗaya abinci ɗaya suke nema, a zurfi ɗaya, a lokaci ɗaya, saboda haka kokawa suke yi da juna. Waɗanda suka bambanta kuwa raba arziki suke yi. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, ya bar wa gero hasken rana, sa'an nan ya yi kore da rani lokacin da dabbobi ke neman abinci, ga shi yana ƙara wa ƙasa taki. Bagaruwa tana jure kwanciyar ruwa a fadama, majema kuma suna amfani da 'ya'yanta. Aduwa da magarya su ne na tudu mai ƙarancin ruwa. Manoman Maradi, waɗanda tun daga 1983 suka rungumi renon tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, sun farfaɗo da itatuwa iri iri ba tare da sayen dashe ba.

Binciken masana ya tabbatar da haka. A 2016 an buga sakamakon wani nazari da ya tattara awo daga filaye fiye da 770,000 a ƙasashe 44, inda aka gano cewa duk lokacin da daji ya rasa kashi 10 cikin ɗari na ire-iren itatuwansa, yawan itacen da yake samarwa yakan ragu da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Haka kuma a lardin Jiangxi na ƙasar Sin, wani gwaji da aka bayyana a 2018 ya nuna cewa bayan shekara 8, filin da aka cakuɗa iri 16 ya tara sinadarin kabon fiye da ninki biyu na filin iri ɗaya.

Sai dai cakuɗawa ba a yin ta da ka. Itace mai saurin girma yana iya danne maƙwabcinsa da inuwa, wani kuma ya shanye ruwan da ke ƙasa. Shi ya sa masana irin su Hans Pretzsch na Jamus suka ƙirƙiro lissafin kwamfuta mai bin kowane itace ɗaya bayan ɗaya, a duba kaurinsa, da tsawonsa, da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi, a yi hasashen yadda dajin zai kasance bayan shekaru. Amma wannan lissafi an gina shi ne a kan awon itatuwan Turai. Ba zai faɗi gaskiya game da gawo a ƙasar Kabi ba, inda ruwan sama ba ya wuce 'yan watanni, sai an ba shi awon da aka yi a nan.

Jihar Kebbi tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa, wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma a 2015. Ya kamata a daina auna nasarar shirin da yawan dashen da aka raba ranar biki. Abin tambaya shi ne nawa suka rayu bayan shekara 5, kuma iri nawa ne.

Saboda haka wajibi ne ma'aikatar da ke kula da gandun daji ta keɓe filayen gwaji na dindindin, wasu a fadamar Argungu, wasu a tudun Birnin Kebbi, a dasa iri ɗaya a wani gefe, cakuɗe a wani gefen. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da na jami'ar Aliero su riƙa auna su kowace shekara, a ajiye rajista yadda canjin ma'aikaci ba zai ɓatar da ita ba. A kuma nemi shawarar manoma da makiyaya wajen zaɓen iri, domin su ne za su tsare itacen idan sun ga amfaninsa. Allah ya sa hukuma ta duba.