WA KE ƁATAR DA JIRAGE A SARARIN SAMANIYA?

Duk matashin da ya buɗe taswira a wayarsa ya ga inda yake tsaye, to ya sani saƙo ne ya sauko masa daga taurarin ɗan adam na GPS, mallakar sojojin Amurka, waɗanda ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. Kafin saƙon nan ya iso ya riga ya galabaita, ta yadda 'yar ƙaramar na'ura za ta iya danne shi. Wannan shi ne toshewa. Akwai kuma wanda ya fi shi muni, wato saƙon bogi, inda ake aiko wa na'ura ƙarya ta karɓa a matsayin gaskiya.

Abin ba tatsuniya ba ne. A 2017 jiragen ruwa sama da 20 a Baƙin Teku suka ga na'urorinsu na nuna wai suna kan tudu, a wani filin jirgin sama na Rasha. A 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na Istoniya har wata guda saboda toshewa. Daga Oktoban 2023 kuwa sojojin Isra'ila da bakinsu suka ce suna hargitsa GPS, har mutane da jirage a yankin suka riƙa ganin kansu a filin jirgin Beirut alhali ba can suke ba. Shin jirgin fasinja da ke ɗauke da mata da yara shi ma abokin gaba ne?

To, ta yaya ake kama mai wannan aika-aika? Hanya ta farko ita ce jiragen da kansu. Kowane jirgin zamani yana shelanta inda yake da kuma gwargwadon amincewarsa da lissafin. Idan jirage da yawa a wuri guda suka nuna lissafinsu ya rikice, an gane akwai matsala a nan. Da irin wannan bayani ne shafin GPSJam ke fitar da taswira kullum tun 2022. Hanya ta biyu ita ce kafa na'urorin sauraro a ƙasa a wurare daban-daban. Kowace ta nuna ɓangaren da hayaniyar ke fitowa, inda layukan suka haɗu nan mai laifin yake. Da bin sawu irin wannan aka kama wani direba kusa da filin jirgin Newark a Amurka, wanda ya sa na'urar toshewa a motarsa don kada maigidansa ya san inda yake. A 2013 aka yanka masa tarar kusan dala 32,000.

Abin lura a nan shi ne, wanda ba shi da na'urar sauraro ba shi da hujja, wanda ba shi da hujja kuwa kukansa a banza. Dokar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta haramta irin wannan kutse. A 2025 babban taron hukumar jiragen sama ta duniya ya yi tir da Rasha da Koriya ta Arewa. Madalla. Amma lallai mudun da aka auna wa waɗannan da shi za a auna wa kowa, ba a duba fuska ba.

Kada wani ya ce abin na nesa ne. Jiragen alhazai na ratsa Bahar Maliya, yankin da shi ma ake fama da wannan kutse. Don haka wajibi ne ƙasashe marasa ƙarfi su kafa nasu tashoshin sa ido, su horar da matasansu a kai, kuma kada su yi watsi da tsofaffin na'urorin saukar jirgi na ƙasa. Ai su ne suka sa Finnair ya koma Tartu. Wanda ya dogara da fitilar wani, ranar da aka kashe ta sai lalube.

Allah Ya kiyaye matafiya. Wassalam.