Alkawarin Gwamnati da Murhun Gidanmu

Zancenmu na yau manyan ƙasa ne suka tā da shi, amma a madafa zai ƙare.

A watan Nuwamba na 2021 shugabannin duniya suka taru a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya domin shawara a kan ɗumamar duniya. A can ne Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari cewa zuwa shekara ta 2060 Nijeriya za ta rage hayaƙin da take fitarwa, har ya zama bai wuce abin da itatuwa da ƙasa za su iya shanyewa ba. A cikin watan nan kuma ya sa hannu a kan dokar sauyin yanayi.

Ga wanda bai saba da zancen ba, ga yadda abin yake. Duk abin da aka ƙona, ko fetur, ko gawayi, ko itace, yakan saki wata iska wadda ido ba ya gani, ana ce da ita iskar kabon. Takan taru a sama ta zama kamar murfi a bakin tukunya, watau zafin rana ya shigo amma ba dukansa ke samun hanyar fita ba. Rabon Afirka duka a cikin wannan iska bai kai kashi 4 cikin 100 ba, amma fari da ambaliya ba su tambayar wanda ya hura wutar.

A watan Agusta na 2022 Mataimakin Shugaba Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da shirin cika alkawarin. An ce za a bukaci ƙarin dala biliyan 10 kowace shekara. An lasafta wuraren da za a gyara: lantarki, motoci, masana'antu, haƙar mai, da girki. To, a kan na ƙarshen nan muke so mu tsaya, gama shi ne ya shiga kowane gida.

Mu da muke tsayawa gaban allo mun san ranar da itace ya ƙare a gida. 'Yan mata sukan iso a makare, wuya ya sage da ɗaukar kaya, ko kuwa ido ja wur saboda hura ɗanyen itace tun asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 kowace shekara, mata da ƙananan yara kuwa su suka fi shaƙarsa. Kowace bishiyar da aka sare ba a dasa wata ba kuma, hasara biyu ce: ta saki kabon ɗin da ta tara, ta kuma daina shan wani. Gas na girki shi ma yana fitar da kabon, kada mu ruɗi kanmu, amma bai kai na itacen da ake sara haka ba, ba ya kuma tsone ido.

Ashe magani sananne ne. Me ya hana?

Mun tuna a ƙarshen 2014 gwamnatin tarayya ta amince a kashe naira biliyan 9.2 domin sayo murhu na zamani guda 750,000 a raba wa matan karkara. Aka yi ta shela a rediyo. Daga baya shirin ya shiririce a tsakanin ma'aikata da ɗan kwangila, mu dai a unguwarmu ba mu taɓa ganin ko ɗaya ba. Waɗanda suka yi ƙoƙarin kansu suka sayi tukunyar gas fa? A 2020 ana cika tukunya mai kilo 12.5 da wajen naira 4,000. Kafin ƙarshen 2024 kuɗin ya wuce 15,000. Kananzir kuwa tun tuni ya fi ƙarfin risho. Akwai gida kusa da mu inda tukunyar gas take bayan ƙofa, yara na zama a kanta, uwargida ta koma ga kurfoti. Ba mu ga laifinta ba. Wanda albashinsa ba ya kai ƙarshen wata ba zai dafa wake da gas ba saboda alkawarin da aka yi a Gilasgo.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne gas ɗin na ƙasarmu ne. Tun 1979 aka yi doka cewa daga Janairu na 1984 kamfanonin mai su daina ƙona gas a banza a yankin Neja Delta. Yaran da aka haifa a shekarar nan yanzu suna da furfura, wutar kuwa tana nan tana ci dare da rana. An sāke ɗaga ranar zuwa 2030.

Wata ƙasa ta gwada ta yi nasara, ba kuwa ƙasar Turawa ba ce. A 2007 gwamnatin Indonesiya ta ƙudura ta raba talakawanta da kananzir. Ta ba kowane gida ƙaramar tukunya mai kilo 3, da murhu, da tiyo, duka kyauta. Cikin 'yan shekaru gidaje fiye da miliyan 50 suka samu. Amma ba kyautar ce kaɗai ta yi aikin ba. Gwamnati ta riƙe farashin cika ƙaramar tukunyar a ƙasa, ta kuma tabbatar akwai wurin musaya kusa da kowace unguwa. Kuɗin da dā take zubawa a tallafin kananzir shi ta juya wajen gas. Lalle nauyin ya yi mata yawa daga baya, har ma masu hali suka riƙa sayen tukunyar talakawa, amma mata ba su koma inda suka fito ba.

A nan gida an cire tallafin fetur ran 29 ga Mayu na 2023, a 2024 kuma gwamnati ta amince da sabuwar manufa ta girki mai tsabta. Manufa mun sha gani. Abin da muke so mu gani shi ne layinta a cikin kasafin kuɗi, na tarayya da na jiha, da adadin abin da aka saki a ƙarshen shekara, gama kuɗin da aka rubuta daban, wanda aka saki daban.

Saboda haka in ɗan majalisarku ya zo gida hutu, iyaye mata su tara kansu su je gaisuwa. Bayan gaisuwa a tambaye shi nawa aka ware wa girki a kasafin bana, nawa kuma aka fitar a na bara. In ya ce zai bincika, a roƙe shi ya sa rana. Wanda ya sami amsa ya rubuto mana, za mu buga ta a wannan shafi tare da sunan ƙaramar hukumarsa.