Ba A Fara Sukuwa Da Ingarma

Mun daɗe muna haɗiye wannan magana don gudun kada a ce hassada ce ta motsa mu, amma tun da abin ya kai ga an ɗauko ɗan'uwanmu ranga-ranga daga kwarin da ke bayan filin wasa zuwa asibiti, to, shiru ya ƙare. Maganar kuwa ita ce ta sabon yayin nan da ya shigo mana, watau hawan baburan daji, masu dogayen ƙafafu da tayoyi masu gudaje, waɗanda aka ƙera don turɓaya da laka da kwazazzabai. Mu da muke wannan rubutu muna cikin masu hawa, kusan kowace Asabar mukan fita, saboda haka kada wani ya zaci da wasan muke faɗa. Faɗanmu da 'yan zuga ne, waɗanda da zarar sun ga ɗan koyo ya tara 'yan kuɗinsa sai su kewaye shi suna cewa in dai shi namiji ne, to, mai 450 zai saya.

Ɗan'uwan nan namu da ke kwance, kafin zangon karatun da ya wuce bai taɓa hawan abin da ya wuce babur ɗin yayansa na zuwa kasuwa ba. Ya zo ya nemi shawara, muka ce ya nemi ƙarami. Ya je wurin wasu, suka yi masa dariya, suka ce ai wannan na yara ne. Ya koma wurin dillali, dillali kuwa riba yake nema, ya haɗa shi da wani babur na tsere, na hannu, wanda ko fitila ba shi da ita. Fitarsa ta uku ya karya ƙwauri da ƙashin kafaɗa, jarrabawa ta wuce shi yana kwance, babur ɗin kuma yana jingine a gareji, lagireto a fashe. 'Yan zugar nan da suka yi ta tafa masa, ko mutum ɗaya a cikinsu bai kwana jinya ba.

Bari mu fayyace abin da lambar nan take nufi, don da yawa masu ambatonta ba su sani ba. Idan aka ce 450, ana nufin girman cikin inji ne da ma'aunin cc. Baburan tsere irin su Honda CRF450R da Yamaha YZ450F ƙarfinsu ya haura doki 50, alhali kuwa Boxer mai 100 da kowa ya sani ko doki 10 bai kai ba, kuma duk da haka mun sha ganin mutumin ƙauye ya ɗora masa buhu biyu da ɗan'uwansa ya ratsa rairayi da shi bai faɗi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali cewa abin da ke ratsa daji yana hannun mahayi da ƙugunsa. Daɗin daɗawa, gasar Dakar, wadda babu kamarta a duniya wajen wuya, gwanayen da ke shiga ta yanzu baburansu ba sa wuce 450. Watau inda gwanayen duniya suka tsaya, nan ɗan aji biyu yake son ya fara. Haba jama'a!

Tun da mun ambaci Dakar, ya kamata mu tuna cewa gasar nan ba baƙuwarmu ba ce, don ta ƙasar Hausa ta bi. Ta farkon ta tashi daga Paris ran 26 ga Disamba 1978, ta ratsa Aljeriya, ta shigo Nijar ta Agadas da Yamai, ta isa Dakar cikin Janairun 1979. Wanda ya cinye ta, Cyril Neveu, ɗan shekara 22 ne a lokacin, sa'anmu ke nan, kuma babur ɗin da ya hau, Yamaha XT500, iska ce ke sanyaya injinsa, ƙarfinsa kuwa bai wuce doki 30 da 'yan kai ba. Da wannan aka ƙetare Sahara. Mu kuwa da iyakar tafiyarmu burtalin bayan makaranta ne da gefen fadama, wai sai mai doki 50 ne zai ishe mu.

'Yan zuga suna da hujjoji, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji su ba. Babbar hujjarsu ita ce wai totur a hannun mutum yake, in ya ga dama ya murɗa kaɗan. Wannan magana ce ta wanda ya iya, kuma ya manta lokacin da bai iya ba. Ga yadda abin yake faruwa. Ɗan koyo yana tafe a hankali, sai tayar gaba ta daki tudu ko saiwar itace, hannunsa ya ɗan motsa, babur ya zabura. Da zaburar nan jikinsa zai koma baya, shi kuwa don kada ya faɗi sai ya ƙara damƙe hannun babur, damƙar nan kuma ita ce ke ƙara murɗa totur. Sai babur ya ƙara zabura, shi ya ƙara damƙewa. Duk wannan cikin ƙiftawar ido ne, babu lokacin tuna kuloci balle birki. In ƙaramin babur ne, sai ya yi gurnani ya ɗan ja shi gaba, ya faɗi cikin ciyawa, mu yi masa dariya, ya tashi ya kakkaɓe. In mai 450 ne, sai ya ɗaga ƙafar gaba ya maka shi da ƙasa ko ya haɗa shi da itace. Abin da ya sami ɗan'uwanmu ke nan, a gaban idonmu. Baburan tsere masu bugu biyu, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai, irin su YZ250, su ma haka suke ko fiye, don ƙarfinsu yakan taso ne gaba ɗaya ba sallama.

Sai kuma tsawo. Kada a ce mun ce babur ɗin tsere ya fi nauyi, don bai fi ba, ko ma ya ɗan fi wasu ƙananan sauƙi. Amma sirdinsa yana kai wa santimita 96 daga ƙasa, yawancinmu kuwa in mun hau sai da kan yatsa muke taɓa ƙasa, ko da ƙafa ɗaya. A kan kwalta wannan da sauƙi. A cikin kwari, inda ƙasa ta karkace, ka kai ƙafa ka ji babu komai, to, faɗuwa ta tabbata. Yamaha TT-R230 sirdinsa santimita 87 ne, Honda CRF250F kuma 88, masu 125 sun fi haka gajarta. Wanda ya san in ya rikice zai iya dafa ƙasa, hankalinsa a kwance yake, yana iya ɗaga kai ya dubi hanya, ya koyi tsayuwa a kan matakai, ya koyi sakin kuloci sannu a hankali, ya gane yadda birkin gaba ke zame taya a kan tsakuwa. Wanda tsoro ya cika masa ciki ba abin da yake koyo sai salati.

Hujjarsu ta biyu ita ce ta tattali: wai in ka sayi ƙarami, wata uku ka gaji da shi, gara ka saya sau ɗaya ka huta. Mu dai muna cikinmu da wanda ya shekara biyu a kan mai 150, har yau bai ƙure shi ba, kuma shi ne ke jan gaba in an shiga rairayi. In ma an gaji da shi, ƙaramin babur mai lafiya ba ya kwantai, akwai ɗan koyo na baya da ke jira. Batun hutawa kuwa, wanda ya sayi babur ɗin tsere ya yi ban kwana da hutu. Masu ƙera shi da awoyi suke lissafin gyaransa, bayan 'yan awoyi a juye baƙin mai, bayan wasu a duba bawul, bayan wasu a canza fistin, don an yi shi ne domin mai tsere da ke da bakanike a bayansa. Ruwa ke sanyaya shi, in aka yi ta rarrafe da shi kamar yadda ɗan koyo ke yi sai ya tafasa, in aka faɗi ta gefe lagireto ya lotse. Tankinsa ɗan lita 6 ne da wani abu. Kayan gyaransa sai an yi odarsu daga waje da dala, a jira makonni. Ku gaya mana, ɗalibin da ke lissafin kuɗin takardun karatu da na garin kwaki, ina shi ina wannan?

Abin da muke kira a saya ba ɓoyayye ba ne. Babur mai bugu huɗu, wanda iska ke sanyaya shi, tsakanin 125 zuwa 250 gwargwadon tsawon mutum da jikinsa, wanda in ka zauna a kai ƙafafunka biyu suna samun ƙasa. Mun ambaci TT-R230 da CRF250F, akwai Honda XR150L, akwai kuma Yamaha AG200 wanda malaman gona da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna shiga ƙauyuka da shi a ƙasashen Afirka da dama. Ba shi da kyan gani, mun yarda, 'yan mata ba za su waiwayo ba. Amma bakaniken bakin kasuwa zai buɗe injinsa ya gane abin da yake gani, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ranar da ka lalace nesa da gari. Ai ko a gidan sarauta, yaron da za a koya wa hawa ƙuru ake ɗaura wa sirdi, sai ya iya zama ya iya riƙe linzami kafin a bar shi ya kusanci ingarman da ake hawan daushe da shi, kuma ba wanda ya taɓa cewa an rage masa daraja.

Tun da yawancinmu na hannu za mu saya, to, a je da ido. A ce wa mai shi kada ya tayar da inji kafin a zo, a taɓa a ji da sanyi, sa'an nan a tayar a gani ko yana gardama ko yana hayaƙi. A buɗe gidan matatar iska, don nan ne asirin mai babur yake tonuwa: in an tarar da ƙura ta wuce soso ta shiga ciki, to, injin ya sha ƙasa, kuma ƙurar hunturunmu ba ta da tausayi. A duba haƙoran sarƙa ko sun kwanta, a girgiza tayoyi a ji ko suna wasa, a duba ƙafafun gaba ko suna yoyon mai. A nemi takardu, a gwada lambar jikin babur da ta takarda. Wanda ya ce takardu sun ɓata, a bar masa kayansa.

Akwai kuma abin da ya fi ba mu haushi. Mutum zai zuba duk abin da ya mallaka a kan inji, sa'an nan ya fito da silifas da hular sanyi. Kuɗin babur na farko kashi biyu ne, kuma kashin kayan kariya ake fara cirewa: hular kwano mai rufe haɓa, takalma masu tsawo da ke riƙe idon sawu da ƙwauri, safar hannu, tabarau na ƙura, da abin kare gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na mummunan rauni a ka kuma da wajen kashi 70. A shekarar 2009, da aka tilasta sa hular a Nijeriya, duniya ta yi ta yi mana dariya don an ga masu babur sun kifa ƙwarya a ka. Su aƙalla suna da uzurin talauci da rashin sani. Ɗan jami'a da ya iya sayen babur ɗin wasa, mene ne uzurinsa?

Kada kuma mu manta a wace ƙasa muke. A shekarar 2021 jihohin Zamfara da Katsina sun taƙaita zirga-zirgar babura a wasu yankuna saboda 'yan bindiga, kuma har yanzu akwai ƙauyukan da in suka ji rugugin babura daga daji, mata sai su suri 'ya'yansu. Salansar babur ɗin tsere ana jin ta daga nesa ƙwarai. Ƙaramin babur mai salansar kirki yana wucewa ta burtali ba ya firgita kowa, ba ya korar garke, mahayinsa kuma yana iya tsayawa ya gaisa da mai gona ya nemi izinin wucewa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da su sa baki tun ba a kai ga ɗaukar gawa ba. A kafa ƙa'ida cewa duk wanda zai bi ayarin ranar Asabar, in bai cika shekara guda yana hawa ba, kada babur ɗinsa ya wuce 250, kuma kada ya zama na tsere. Wanda ya zo ba hula ba takalma a mai da shi ɗaki, ko ɗan wane ne. Mu a namu ɓangaren mun ware babura biyu masu 125 da 150, duk mai sha'awa ya same mu a bayan filin wasa ranar Asabar bayan sallar la'asar, ya gwada kafin ya kai kuɗinsa wurin dillali. Waɗanda suka zuga ɗan'uwanmu kuwa, mun san su, sun san kansu. Yana nan kwance a ɗakin masu karaya, gado na kusa da taga, ana shiga dubiya daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma.