Ra'ayinmu: Gajiyar gandirobobi barazana ce ga tsaron ƙasa

Duk lokacin da aka fasa gidan yari a ƙasar nan, tambayoyi uku ake yi: fursunoni nawa suka tsere, nawa aka kamo, kuma wane jami'i za a dakatar. Haka aka yi bayan harin Owerri a watan Afrilun 2021, inda fursunoni fiye da 1,800 suka arce. Haka aka yi bayan harin Kuje na ranar 5 ga Yulin 2022, wanda ya saki fiye da 800 a bakin ƙofar Abuja. Aka maimaita a Suleja cikin Afrilun 2024, lokacin da ruwan sama ya rushe tsohuwar katanga, sannan a Maiduguri cikin Satumbar 2024 bayan ambaliyar madatsar ruwa ta Alau. Da wuya a ji wani ya tambayi halin da jami'in da ke bakin aiki a daren yake ciki: awa nawa ya yi a tsaye, mutum nawa aka bar masa shi kaɗai, yaushe rabonsa da hutu.

Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da za a riƙa yin waɗannan tambayoyi, domin duk tsayin katanga, idon mai gadinta ne ke tsare ta.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsananciyar gajiyar aiki cikin kundinta a matsayin larurar da wurin aiki ke haifarwa, sakamakon matsin da ya daɗe ba a magance shi ba. Ta bayyana alamominta uku: ƙarewar kuzari, mutuwar zuciya game da aikin har mutum ya daina damuwa da shi, da raguwar ƙwazo. Idan akawu a sakatariyar tarayya ya faɗa wannan hali, fayil ne zai kwana a kan tebur. Gandiroba kuwa idan ya faɗa, ƙidayar yamma ce za ta zo da kuskure, ko a bar ƙofa ba a duba kwaɗonta ba, ko ƙaramar gardama da fursuna ta zama duka, duka kuma ya zama tarzoma.

Tushen matsin a fili yake. Gidajen gyaran hali na Najeriya suna ɗauke da mutum kusan 80,000, kuma kimanin kashi biyu cikin uku nasu jiran shari'a suke yi. A Disambar 2019, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a gidan yarin Ikoyi da ke Legas, an tarar da mutum fiye da 3,000 a ginin da aka yi domin 800. Jami'in da ke aiki a irin wannan wuri yana shaƙar iskar da fursunoni ke shaƙa, yana fuskantar tarin fuka da cututtukan fata da cunkoso ke yaɗawa, kuma galibi ba shi da makami a cikin farfajiya sai murya da dabara. Wanda aka yanke wa hukunci ya san ranar fitarsa, yana da dalilin kiyaye doka. Wanda ya shekara biyar yana jiran a kira ƙararsa ba shi da abin da zai lissafa, kuma fushinsa ba ya kaiwa ga alƙalin da ya ɗage zama ko ɗan sandan da ya ɓatar da fayil. A kan gandiroban da ke gabansa yake sauke shi. Ga kuma mutum fiye da 3,000 da ke jiran hukuncin kisa, waɗanda lallashinsu kullum yana wuyan jami'an da ba a horar da yawancinsu kan kula da masu tabuwar hankali ko yanke ƙauna ba.

Ko batun abinci a kansa yake ƙarewa. A Disambar 2023 shugaban hukumar na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa Naira 750 ake kashewa wajen ciyar da fursuna a rana, alhali karen tsaro yana cin Naira 800. Daga baya gwamnati ta ɗaga kuɗin zuwa Naira 1,125, abin da ya cancanci yabo, amma kowa ya san abin da wannan kuɗi zai saya a kasuwa yau. Wanda ya tsara kasafin yana ofis. Wanda zai tsaya gaban layin mayunwata da ludayi yana bayani shi ne gandiroba.

Idan ya tashi aiki kuma, gida ba ya zame masa wurin sauke nauyi. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota da na haya da na abinci suka cinye albashin ƙananan ma'aikata, kamar yadda masu karatunmu suka sani a jikinsu. Bambancin shi ne, ma'aikacin ma'aikata yana da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi magana da yawunsa, har ta kai ga yajin aiki. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta hana jami'an gidajen yari kafa ƙungiya, kamar yadda ta hana sojoji da 'yan sanda da jami'an kwastam da na shige da fice. Akwai hikima a wannan hani, amma yana ɗora wa gwamnati nauyi na musamman: wanda ka hana kuka, wajibi ne ka riƙa duba inda ke masa ciwo. A aikin ɗamara kuwa, jami'in da ya ce ba ya iya barci tun daren da aka kai musu hari yana tsoron a kira shi rago, don haka sai ya haɗiye.

Ba muna wanke masu laifi ba ne. Akwai jami'an da ke shigar da waya da ƙwaya, akwai masu sayar da ɗaki mai daɗi ga fursuna mai kuɗi, akwai masu cin zali. Duk wanda aka kama a hukunta shi ba sani ba sabo. Sai dai hukuma mai hangen nesa tana tambayar irin ƙasar da wannan ciyawa ke tsirowa a kai. Mutumin da ya gaji, bashi ya yi masa katutu, kuma ya tabbata ba wanda ya damu da shi, shi ne mafi sauƙin saye. Idan bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Abin takaicin shi ne dokokin da ake buƙata suna nan. Dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali ta tanadi hukunce-hukuncen da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima da sakin talala, kuma sashe na 12 ya ba jami'ai hurumin sanar da babban alƙalin jiha da sauran hukumomi idan gida ya cika, har su ƙi karɓar sababbin fursunoni idan ba a ɗauki mataki ba. Gyaran kundin tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali, alhali mafi yawan waɗanda ke tsare dokokin jihohi ake tuhumarsu da karyawa. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta samu sa hannu tun farkon 2023. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2015, su ma sun nemi a ba ma'aikatan gidajen yari albashi da sharuɗɗan aiki da suka dace da wahalar aikinsu. Aiwatarwa ce ta rage.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da hukumar da ke kula da ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma a rundunonin da ke ƙarƙashinta su fitar da adadin jami'ai da na fursunoni a kowane gida, sannan su ɗauki ma'aikata su rarraba su bisa wannan lissafi, maimakon cika ofisoshin hedikwata a bar farfajiya babu kowa. A ƙayyade awannin aiki, a tabbatar kowa ya samu hutunsa na shekara. A samar da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a kowace rundunar jiha, ganawa da su ta zama sirri, kuma ta zama dole ga duk wanda ya ga hari ko tarzoma ko mutuwa a bakin aiki, don kada zuwa wurinsu ya zama abin gori. A gyara barikoki, a biya alawus na haɗari, kuma iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki su karɓi haƙƙinsu ba tare da shekara suna zarya Abuja ba.

Manyan alƙalan jihohi su yawaita ziyarar rage cunkoso, gwamnoni kuma su ɗauki nasu kason. Sakin mutum fiye da 4,000 da ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar a Nuwambar 2023 ta hanyar biya musu tara ya nuna abin da za a iya yi, amma matuƙar kotuna na ci gaba da tura masu ƙananan laifuka jiran shari'a, gurbin da aka buɗe zai sake cika.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu, su ne ke shirya wa 'yan majalisa tambayoyin kare kasafin kuɗi. Idan kasafin hukumar ya sake zuwa gabanku, ku duba layin ma'aikata kamar yadda kuke duba na katanga da kyamarori da motoci. Kuje ba ta da nisa da ofisoshinku, kuma barcin da kuke yi a Abuja ya dogara ne a kan wani jami'i da ke tsaye a can cikin dare.