Hasumiyar Jamestown da duhun da ke bakin ruwan Kebbi

Mutumin Gesse a Birnin Kebbi yana iya tsufa bai taɓa ganin teku ba, amma ruwa ba baƙonsa ba ne. Ga fadamar Rima, ga Matan Fada a Argungu, can kudu kuma kogin Neja ya ratsa Yauri da Ngaski. Abin da ya yi ƙaranci a bakin waɗannan ruwaye shi ne fitilar da ke nuna wa matuƙi inda gaɓa take cikin dare, abin da mazauna bakin teku suka daɗe da sanin amfaninsa.

Bahaushen da ya je Accra ya leƙa unguwar Jamestown zai ga wata hasumiya mai launin ja da fari, tsawonta mita 28. An gina ta a shekarun 1930 a madadin wadda aka yi a 1871. Kusan komai a jikin irin wannan gini yana da dalili. Ana yin sa zagayayye domin iska ta kewaye shi. Ana ɗaga shi sama saboda doron ƙasa a lanƙwashe yake, gajeren gini kan ɓace wa jirgin da ke nesa. Launin kuwa na rana ne, lokacin da fitila ba ta da aiki. Da dare kowace hasumiya tana da salon ƙyaftawarta, matuƙi ya ƙirga ya san gaɓar da ke gabansa.

Dabarar tsohuwa ce. Ta Iskandariyya a Masar, wadda aka gina kimanin shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta haura mita 100, kuma wuta ake hurawa a samanta. Girgizar ƙasa ce ta cinye ta. Babban sauyi ya zo a shekarun 1820, lokacin da Bafaranshe Augustin Fresnel ya ƙera gilashi mai zobba-zobba da ke tattara hasken ƙaramar fitila ya cilla shi nesa.

Kebbi ba ta buƙatar gini mai mita 28. Dogon ƙarfe da fitilar sola a manyan mashigai, da alamomi masu yawo a kan ruwa inda kututture ke ɓoye a tafkin Kainji, sun isa a fara da su. A Yunin 2023 mutane fiye da 100 da ke dawowa daga biki suka rasu cikin dare a yankin Patigi na Jihar Kwara, a kan wannan kogi dai. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare, kuma ta yi daidai, sai dai kasuwa kan tashi da yamma, naƙuda kuma ba ta jiran gari ya waye.

Gaskiya ne fitila ba za ta magance lodin da ya wuce ƙima ba, wanda aka danganta shi da haɗarin Warrah a Mayun 2021. Wannan aikin jami'ai ne da rigunan kariya.

Inda gizo ke saƙa shi ne kulawa. Tsoffin hasumiyoyi suna da mai tsaro da ke goge gilashi yana zuba mai kullum, yayin da fitilun sola da yawa a titunanmu suka mutu saboda batir kawai. Kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya a Yauri, ya kamata gwamnatin jiha ta zauna da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin matuƙa a tsayar da wanda zai riƙa duba fitilar, da aljihun da kuɗin batir zai fito.