Kafin ka sake yi wa Terry dariya

Zare ne, kuma dogo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri ya dawo an jima 🧵

Akwai wata magana da ta cika gidajen kallon bal ɗinmu, daga Kongolam zuwa Mai'adua har cikin Daura. Da an tashi wasa 1-0 ko 1-1 sai ka ji ana "yau an ci kuɗinmu a banza." In kuma cikin ruwan sama aka buga, a ƙara da "ai zame-zame kawai aka yi." Ni ban yarda ba, kuma da wasa ɗaya zan kafa hujja.

21 ga Mayu 2008, filin Luzhniki a Mosko. Man U da Chelsea, wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, karon farko da kulob biyu na Ingila suka haɗu a wannan matakin. An take wasa 10:45 na dare agogon can, mu nan 7:45. Can ruwa ake zubawa, nan kuwa ana fama da zafin bazara ana jiran saukar damina.

Yawancinmu lokacin ko ajin farko na firamare ba mu gama ba. Abin da muka gada daga wasan bai wuce daƙiƙa goma ba: John Terry ya zo buga fenariti, ya zame, ya zauna a ƙasa yana kuka. Duk shekara sai an sake yaɗa bidiyon an yi ta 😂😂. Minti 120 aka buga jama'a, kuma cikakken wasan na nan a intanet ga mai son gani.

A fara da filin. Asalin ciyawar Luzhniki ta roba ce. Saboda wannan wasan aka kawo ciyawa ta gaske daga Slovakia aka shimfiɗa, ba a daɗe ba aka yi wasan. Sabuwar ciyawar da saiwarta ba ta gama kama ƙasa ba, ga ruwa a kai. Duk wanda ya taɓa dasa shuka ya san abin da nake nufi.

Minti na 26 Wes Brown ya kwaso ƙwallo daga dama, Ronaldo ya tashi sama da Essien ya sa kai. 1-0. Ku lura, Essien ɗan tsakiya ne, Avram Grant ya mayar da shi lamba biyu, Ferguson kuma ya turo masa Ronaldo ta wannan gefen da gangan. Ba a jima ba Cech ya tare kan Tevez, ya miƙe ya sake ture ta Carrick. Da ɗaya ta shiga, da labarin ya ƙare tun kafin hutu.

Minti na 45 Essien ɗin nan ya ɗaɗa daga nesa, ƙwallo ta bugi Vidic, ta bugi Ferdinand, ta faɗo gaban Lampard. Van der Sar ya yunƙura zai fito ƙafarsa ta zame. 1-1. Ka ga ashe santsi ya fara cin Man U tun kafin ya ci Chelsea, amma wa ya taɓa turo maka wannan bidiyon?

Daga nan babu ƙwallon da ta ƙara shiga raga, kuma a nan daɗin yake. Drogba ya daki turke. An shiga ƙarin lokaci Lampard ya daki sandar sama. Giggs ya samu ƙwallo gola ba ya wurin, ya buga, wani ya sa kai ya fitar da ita a bakin raga. Wane ne? Terry. Mutumin da ake wa dariya shi ya hana a tashi wasan kafin a je fenariti.

Minti na 116 aka yi cirko-cirko, Drogba ya mari Vidic, rafali ya ɗaga masa jan kati. Da yana fili, ai shi ake sa ran zai buga ta biyar. Kyaftin ya ga babu Drogba ya ɗauki nauyin. In laifi kuke neman ɗorawa, ni ga inda zan ajiye shi.

Me ruwa ke yi wa ƙwallo ne ma? In ciyawa ta jiƙe sama-sama, ƙwallo gudu take ƙarawa, ta sulale kafin ka shirya. In ruwa ya kwanta, sai ta tsaya cak a inda ba ka zata ba. Fili ɗaya, hali biyu. Gola ba ya yarda da hannunsa, sai dai ya doke. Ɗan baya in ya kwanta zai ƙwace, bai san inda zai tsaya ba, ko a kan ƙwallo ko a kan ƙafar mutum cikin da'ira. Shi ya sa kowa ke taka-tsantsan, ƙwallaye su yi ƙaranci, kuskure ɗaya kuma ya zama hukunci.

Mu ƴan nan ba lallai mu ji wannan a jikinmu ba, don filayenmu na yashi ne. Ruwa in ya sauka da la'asar ƙasa ta shanye, ta daddale, washegari ma ta fi daɗin taka leda. Ciyawa ba haka take ba. Ƙafar da ka dogara da ita lokacin bugu, in ta goce da ɗan yatsa ɗaya, ƙwallo ta bar hanya. Ta Terry ma Van der Sar ya riga ya faɗi wancan gefen, turke ta gogo ta fita.

Kar a ce na mayar da ruwa waliyyi. Wani lokacin zalunci yake yi. 3 ga Yuli 1974 a Frankfurt, Jamus ta Yamma da Poland, wanda ya yi nasara zai je wasan ƙarshe na Kofin Duniya. Ruwa ya mayar da fili tafki, har ƴan kwana-kwana aka kira su zuƙe. Ƙarfin Poland gudu ne ta gefe, su Lato da Gadocha, ƙwallo kuwa ta ƙi tafiya. Gerd Müller ya ci a minti na 76, aka tashi 1-0. Lato ya gama gasar da ƙwallo 7, ya fi kowa, amma bai ga wasan ƙarshe ba. Irin wannan filin kamata ya yi a ɗage wasa.

Haka nake cewa game da gasarmu ta gida. Yanzu kakar NPFL tana farawa ne damina ba ta gama tafiya ba. In Katsina United ko Kano Pillars suka je filin da ruwa ya kwanta har ƙwallo ba ta gangarawa, wannan gazawar masu kula da fili ce, magudanar ruwa ake buƙata. Amma filin da ya jiƙe ana iya wasa a kai, aka tashi 1-0 da kyar, wallahi ya fi min 5-0 da aka gama tun minti 30 kowa ya koma danna waya.

To me ya sa muke raina irin wasannin nan? Abu na farko, mun koma kallon guntayen bidiyo. Ƙwallon da ta shiga raga tana shiga TikTok. Wadda ɗan baya ya hana ta shiga ba ta da kasuwa.

Na biyun ya fi damuna, kuma kun san shi. Caca. Ku lura da masu yawan cewa wasa bai yi daɗi ba, ku ga ko ba waɗanda suka sa kuɗi a kan za a ci uku ko fiye ba ne. Mutum yana zaune a benci, kulob ɗinsa na cin 1-0 a minti na 85, maimakon ya yi addu'ar a tashi, yana fatan a rama a ƙara don kar tikitinsa ya yanke. Wannan ya daina goyon bayan kowa. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, amma shagon yanzu yana cikin aljihu, kuma kuɗin makaranta da na abinci na ɗalibai da yawa ta nan suke bi. A hostel muna gani.

Ga kuma namu ruwan. A watan Agusta hadari na haɗowa dish ya ɗauke, allo ya daskare, kwano ya hau ƙara har ba ka jin na kusa da kai. Mai gidan kallo na jijjiga waya, kowa ya buɗe wayarsa yana neman sakamako. Lamba kawai za ka gani, 0-0, ka ce ba abin da ke faruwa. Alhali a minti goman nan wataƙila gola ya yi aikin da zai riƙa ba jikokinsa labari.

Mu koma Mosko mu ƙarasa. Cech ya tare ta Ronaldo, wanda ya ci ƙwallo 42 a kakar. Da Terry ya ci, da bidiyon Ronaldo ake yaɗawa yau. Terry ya ɓarar, Anderson ya ci, Kalou ya ci, Giggs ya ci a wasansa na 759, daren da ya wuce tarihin Bobby Charlton. Namu Mikel yana benci bai shiga ba, sai 2012 a Munich ya ɗaga kofin.

Sai Anelka. Duk fenariti shida da Chelsea ta buga kafin shi, hagun Van der Sar aka nufa. Golan ya gano. Ya tsaya a kan layi ruwa na zuba, ya nuna wa Anelka hagunsa da yatsa, kamar yana cewa na san nan za ka buga. Anelka ya sauya ya buga dama, Van der Sar ya bi ta ya ture. 6-5. Bayan kwana uku Chelsea ta sallami Avram Grant.