Daga Ofis Zuwa Shagon Baba: Ina Makomar Alƙalaminmu?



Akwai wata magana da ta yawaita a bakinmu tun da rayuwa ta yi tsada, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Malamin makaranta ne ko ƙaramin ma'aikacin ofis, za ka ji ya ce albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, kuɗin mota ma ya cinye rabi, gara ya ajiye aikin ya koma shagon mahaifinsa. In kuma mai sha'awar rubutu ne sai ya ƙara da cewa, ai ma a can zai fi samun lokacin ƙarasa littafinsa, tunda ba wanda zai tsare shi da rajistar zuwa aiki. Kashin farko na maganar muna iya yarda da shi. Kashi na biyun ne muke ganin akwai gyara.

Aikin albashi, duk ƙanƙantarsa, yana da abu ɗaya da marubuci ke buƙata, wato iyaka. Ana tashi ƙarfe huɗu, akwai Asabar da Lahadi, malami kuma yana da hutun zango. Shagon gida ba ya tashi. Wanda ya taɓa zama a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ya san cewa ko an rufe ƙofa da magariba, lissafi na biyo mutum har ɗaki: wane bai biya bashi ba, mota ta maƙale a hanya, farashi ya canza tsakanin azahar da la'asar. Ga shi maigidan naka mahaifinka ne. Shugaban ofis kana iya ce masa lokacin aiki ya ƙare, amma wa zai dubi idon Baba ya faɗi haka? Da ya kira, ko kana tsakiyar babin da ka yi wata guda kana nema, sai dai ka ce "na'am Baba" ka ajiye biro.

Ba cewa muke kada a koma ba. Uba ya tsufa, idonsa ya fara rauni, yaran shago sun fara yi masa wasa da dukiya, to ɗan da ya tsaya yana cewa shi marubuci ne bai kyauta ba, kuma littafin da aka rubuta a kan hawayen iyaye ba mu san albarkar da zai yi ba. Abin da muke cewa shi ne, a koma da magana a fili. Yawancin waɗanda shagon gida ya haɗiye musu alƙalami kunya ce ta ci su. Sun shiga ba su tambayi komai ba, don kada a ce sun yi wa mahaifi ƙididdiga.

Tambayar farko da ya kamata a warware ita ce, a matsayin wa za ka zauna a shagon? Yaron shago ne mai albashi, ko abokin tarayya mai kaso a cikin riba, ko kuwa jari za a ware maka ka juya a raba abin da aka samu? Duk ukun malamanmu na fiƙihu sun yi musu babi, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka rubuta yarjejeniya tsakanin ɗa da uba ba rashin kunya ba ne. Abin mamaki ma, mu da muke kiran kanmu marubuta, mu ne muke jin nauyin rubuta layi biyar da za su tsare mana zumunci.

Dalilin da ya sa muka nace a nan shi ne gado. Ranar da ta Allah ta kasance, shagon nan da duk abin da ke cikinsa ya zama na magada gaba ɗaya: matan marigayi, 'ya'yansa maza da mata, har da ƙanin da ke karatu a wani gari bai taɓa auna yadi ɗaya ba. Wanda ya ajiye aikinsa ya yi shekara goma sha biyar yana buɗe shago da sassafe, in babu wata shaida da ta nuna yana da kaso ko albashin da bai karɓa ba, rabonsa daidai yake da na kowane ɗa namiji a gidan. Kuma wasiyya ba ta gyara wannan, domin ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun amince. In uba yana son ya ware wa ɗansa wani abu saboda wahalarsa, tun yana raye ake yi, a gaban shaidu, a kuma damƙa masa. Sau nawa muka rubuta irin wannan rigimar a littattafanmu, 'yan uba sun kai juna kotu a kan rumfa ɗaya? Sai ga shi in ta zo kanmu muna yi kamar ba mu san ƙarshen labarin ba. Mutum ya wayi gari yana da shekara arba'in da biyar, ba aikin ofis, ba shago, littafin kuma yana nan a babi na uku.

In bakinka ba zai iya furta wannan a gaban mahaifi ba, kuma da yawanmu ba zai iya ba, ai don haka aka yi baffa da kawu da aminin uba. A samu wanda Alhaji yake jin nauyinsa, a yi masa bayani, shi ya san yadda zai shigar da maganar ba tare da ta zama ƙalubale ba.

Kafin a miƙa takardar ajiye aiki kuma, a duba ko wurin yana ba da hutun da ba albashi. In yana bayarwa, a gwada shagon na wasu watanni tukuna, kada a saki reshe a kama ganye. Wanda yake cikin tsarin fansho na karo-karo a Najeriya ya sani cewa kuɗin da ke asusunsa nasa ne ko ya bar aiki, kuma dokar 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cirar kashi 25 cikin ɗari in ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Shawararmu dai kada wannan kuɗin ya tafi wajen buga littafi.

Wannan ya kawo mu kan kuɗi, inda mu ma marubuta muke da namu halin. Aljihun shago daban, aljihun adabi daban. Da zarar ka zari kuɗin ciniki ka kai maɗaba'a da niyyar in littafi ya sayu ka mayar, ka ba duk mai ganin rubutu shiririta ne hujja a kanka, kuma kowa a cikinmu ya san yadda kuɗin littafi ke dawowa, in ma ya dawo: kaɗan-kaɗan, bayan an gaji da bin masu sayarwa. Masu sakin labari a WhatsApp ko a manhajoji sun huta da kuɗin takarda, amma su kuma masu karatu ne ke bin su bashin shafi kullum. Wadda take taya mahaifiyarta ɗinki ko haɗa turaren wuta, ga girki ga yara, ta yi wa kanta adalci: kada ta fara sakin labarin da ba ta rubuta rabinsa ba. Ita ma tambayar matsayi ta shafe ta, har ma ta fi, don aikin 'ya mace a sana'ar gida shi aka fi saurin kira "taimako".

Wasu za su ce ai manyanmu sun haɗa taura biyu sun tauna. Gaskiya ne, amma a duba yadda suka yi. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja, Abubakar Tafawa Ɓalewa ma malamin makaranta ne a Bauci lokacin da ya rubuta Shaihu Umar. Da aka zo Magana Jari Ce kuwa, aro Imam aka yi daga makarantar zuwa Zariya a 1936, aka ware masa watanni ba shi da wani aiki sai rubutun. Wato ko shi, da duk baiwarsa, sai da aka yanka masa lokaci na musamman. Marigayi Bashir Usman Tofa ɗan kasuwa ne kuma ɗan siyasa, ya bar mana littattafan Hausa da dama, amma shi mai dukiyar ne, shi ke tsara yininsa. Yaron da ke zaune a shagon mahaifinsa ba haka yake ba, sai ya nemi lokacin da baki.

Kuma lokacin da za a nema ya zama mai suna. "Zan riƙa rubutu in na samu sarari" ba lokaci ba ne. A ce daga sallar asuba zuwa ƙarfe takwas, ko yammacin Juma'a, ko yini ɗaya a mako da ƙani zai tsare shago. A kuma bi yanayin kasuwar. Mai sayar da atamfa da shadda da ya ɗaura niyyar kammala littafi a cikin azumi ya yaudari kansa, haka mai hatsi a lokacin kaka. A irin waɗannan watanni ƙaramin littafin aljihu ya isa, a riƙa tsintar magana ana ajiyewa, in kasuwa ta lafa bayan sallah a zauna a yi aikin.

Tsintar kuwa akwai ta, wannan ita ce ribar da ofis ba zai ba mu ba. Hausar da ke bakin dillali da ɗan dako da ɗan kayi-nayi, yadda Hajiya ke taya kaya tana kushe su alhali ta riga ta ƙyasa, yadda babban mutum ke rage murya in ya zo neman a ɗaga masa ƙafa, duk ba a samun su a ɗakin karatu. Labaranmu da yawa sun cika da attajiran da ba a san sana'arsu ba, sai dai a ce "Alhaji ya tafi ofis". Wanda ya zauna a shago zai rubuta attajirin da ake jin ƙanshin kasuwa a jikinsa. Sai dai littafin bashi amana ne. Wanda ya zo da daddare ya karɓi buhun shinkafa a asirce bai zo don ya tsinci kansa a babi na bakwai ba, kuma a unguwa ɗaya canza suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. A sauya gari, a sauya sana'a, a haɗa halin mutum uku a jikin ɗaya. Rigimar cikin gida kuwa, ta kishiyoyin uwa da 'yan uba, in har sai an rubuta ta, a bari ta huce tukuna, kuma kada a sake ta ana tsakiyar rabon gado.